Ziyarar Agwagin Daji a Dausayin Haɗejiya da Nguru: Abin da Iyali Za Su Kiyaye

Yaran birni da yawa ba su san agwagwa ba sai wadda ake kiwo a gida. A dausayin Haɗejiya da Nguru, tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke malala, akwai agwagin da babu mai kiwonsu. Tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma a Dagona, cikin ƙaramar hukumar Bade, akwai wurin da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa.

Lokacin zuwa ya danganta da abin da ake son gani. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, agwagin da suka gudo wa sanyin Turai sukan sauka a nan, amma ba a nan suke ƙyanƙyasa ba. Mai son ganin 'yan tsaki sai ya jira ƙarshen damina, lokacin da kirinjijiya, mai farar fuska da kuka kamar fito, take fitowa da 'ya'yanta daga cikin ciyawa, uwa da uba suna gadinsu tare. Dinya ma da damina take yin ƙwai.

Da sassafe ko da la'asar ya fi dacewa, domin hasken yana da taushi ga hoto, tsuntsayen kuma suna kiwo. A sa tufafi marasa ƙyalli, a zauna wuri ɗaya, a rage surutu. Idan ka durƙusa har kyamara ta yi daidai da tsayin agwagwar, hoton ya fi kyau. Idan iyayen suka miƙe wuya suna kuka, kun matso da yawa, sai ku ja baya. Duk lokacin da aka kore su, 'yan tsakin kan watse, shirwa ta samu abinci. Kada a ɗauki ɗan tsako a hannu, kada a jefa musu burodi.

Lafiyar yara ita ce gaba da hoto. Ruwan da ba ya gudu yana ɗauke da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, saboda haka kada yaro ya shiga ko da iya idon sawu ne. Kada a taɓa mataccen tsuntsu, domin tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a 2006. A tafi da ruwan sha da maganin shafawa na sauro, a bar bakin ruwa kafin magariba, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

A kuma nemi ɗan gari ya yi jagora. Shi ya san inda ruwa ke da zurfi, da gonar shinkafar da ba a takawa.