Zinare da Haske: Sabuwar Hanyar Yaƙar Ciwon Daji

Shekara biyu ke nan da rasuwar gwaggona a Sundimina. Ƙullutu ne ya fito mata a mama, aka yi ta jiƙe-jiƙe ana cewa jifa ne, sai da ya fashe sannan aka kai ta asibiti. Likita ya ce an makara. Tun lokacin, duk abin da ya shafi ciwon daji sai na tsaya na karanta, har na ci karo da wannan hanya.

Matsalar maganin da aka saba da shi ita ce bai san nasa ba, bai san bare ba. Allurar kashe daji tana taɓa lafiyayyun ƙwayoyin jiki, shi ya sa gashi ke zubewa, ga amai, ga kasala. Sai masana suka ce, to me zai hana a kai wa ciwon hari shi kaɗai?

Nan ne ƙwayoyin nano suka shigo. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi kuwa ya kai nanomita 80,000. Jijiyoyin jinin da ciwon daji ke yi wa kansa suna da ɓula-ɓula kamar rariya. Idan aka zuba ƙwayoyin a jini, sai wasu su zirara ta nan su taru a cikin ƙullutun. Idan na sinadarin ƙarfe ne, suna taimaka wa na'urar MRI ta fito da hoto sarai. Idan na zinare ne, sai a haska musu leza.

Gwada wannan yau da dare a hostel: ɗora yatsanka a kan tocilan ɗin waya. Za ka ga ya yi ja, domin jan haske ya fi sauran ratsa tsoka. Hasken da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani, ya ma fi shi shiga. Zinaren yana shanye shi ya mai da shi zafi, kamar baƙar buta a rana, har ƙwayoyin dajin su mutu, naman da ke gefe kuma ya tsira.

Ba tatsuniya ba ce fa. Naomi Halas da Jennifer West sun yi wannan aiki a Jami'ar Rice ta Amurka. A gwajin da aka wallafa a 2019 kan dajin mafitsarar maza, wato furosteti, mutum 13 cikin 15 ba a ga alamar ciwon a wurin ba bayan shekara guda.

Amma kada mu yi saurin guɗa. Mutum 15 ba yawa ba ne, haske ba ya nisa a cikin jiki, kuma dajin da ya riga ya bazu ya fi ƙarfin wannan hanya. Ko da ta zo mana yau, da wuya ta ceci gwaggona.

Saboda haka, 'yan'uwa, abin da ke hannunmu shi ne gaggawa. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga Shika a Zariya. In kun je gida hutu, ku gaya wa iyayenmu mata: ƙullutun da ba ya zafi ma, a kai shi likita ya duba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.