Rigakafi Ba Makirci Ba Ne: Ku Tambayi Aikin Farfesa Rose Leke

Duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka shigo unguwar Roumdé Adjia da akwatin sanyi a kafaɗa, sai saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp: wai maganin hana haihuwa ne Turawa suka aiko a rage mu. Uwa ta tura yaranta ɗaki, maigida ya tsaya bakin zaure ya ce ba kowa a ciki. Na gaji da jin wannan magana, musamman daga bakin waɗanda ba su taɓa tambayar wa ke binciken waɗannan magunguna ba.

Garkuwar jiki dai sojojin da Allah ya halitta ne a cikin jini, rigakafi kuwa nuna musu kamannin maƙiyi ne kafin ya iso. Wannan shi ne fannin Farfesa Rose Gana Fomban Leke, 'yar Kamaru, haifaffiyar Kumbo a 1947. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Montreal ta Kanada a 1979, ta dawo gida ta koyar a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya. Kuma abin da ta fi ba ƙarfi a bincikenta shi ne zazzaɓin cizon sauro a jikin mai juna biyu.

Ita da abokan aikinta sun bi mata masu ciki a Yawunde da ƙauyukan kewaye, suna auna jininsu da mabiyiyarsu. Ƙwayar cutar kan maƙale a mabiyiya, inda jariri ke samun abinci, ko da uwar ba ta jin zazzaɓi. Sakamakon shi ne ƙarancin jini, ɓari, bakwaini ko jariri marar nauyi. Mai cikin fari ta fi shiga hatsari, domin jikinta bai riga ya koyi yaƙar irin wannan ƙwaya ba. Sai a ciki na biyu da na uku garkuwar ke ƙaruwa. To, matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta don cikin 'ya'yanmu ya tsaya, ita za a ce ta haɗa baki a hana mu haihuwa? Haba jama'a!

Mun ga inda wannan jita-jita ta kai mu. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashe da dama, har da Kamaru, har Yaman da Indunusiya. Yaran da suka shanye a lokacin suna nan suna jan ƙafa. Waɗanda aka ɗiga wa kuma fa? Ku dubi unguwarku: su ne yau ke goye da jarirai, ana cin sunansu kowane mako. Ina rashin haihuwar? Ranar 25 ga Agustan 2020 da aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, Farfesa Leke ce shugabar kwamitin da ya tantance hujjojin.

Masu cewa ana gwaji a kanmu da sabuwar allurar zazzaɓin cizon sauro su sani: an fara bayar da ita a Gana da Kenya da Malawi tun 2019, yara sama da miliyan 2 suka karɓa kafin Kamaru ta sa ta cikin jadawalinta ranar 22 ga Janairun 2024. A shekarar ne aka ba Farfesa Leke lambar L'Oréal-UNESCO ta mata masana kimiyya. Gaskiya ne, nisan asibiti da talauci da fuskar shanun wasu ma'aikata na korar mutane, amma wannan ba dalilin hana yaro kariya ba ne.

Maigida, ka bar matarka ta fara awo da wuri, kada a jira ciki ya tsufa. Daga wata na huɗu ana ba ta ƙwayoyin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a wajen awo, ta sha aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Gidan sauro na kwana ne, ba na shingen lambu ko kamun kifi a kogin Binuwai ba. Da damina, idan masu rabon maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka zo, a ba yaro na kwana ukun duka, ba a ajiye saura don ƙanensa ba. Allurar zazzaɓin sau huɗu ce, a cika ta, a adana katin rigakafi inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ɗan zafin jiki bayan allura ba abin tsoro ba ne. Idan ya wuce kwana biyu, a koma asibiti a yi gwajin jini.

Malamai da masu unguwa, ku yi wa Allah ku faɗi wannan a masallaci da majalisa. Kai kuma mai waya, kafin ka tura saƙon da ba ka san tushensa ba, ka tuna za a tambaye ka ran gobe.