Farfesa Iya Abubakar: Masanin Lissafin da Ya Shugabanci Jami'ar Zariya

A cikin duwatsun Birnin Kudu, inda zanen mutanen dā yake, akwai waɗansu duwatsu da in an buga su sai su yi amo kamar kuge. Abin da ke faruwa shi ne bugun yana haifar da girgiza, ita kuma ta ratsa jikin dutsen, ta kai gefensa ta dawo. Irin wannan tafiya ta girgiza cikin abu mai tauri ita ce fagen da Iya Abubakar ya fara yin suna a kai, tun kafin a san shi da shugabanci ko siyasa.

An haife shi a Belel, ta ƙasar Adamawa, a shekarar 1934. Ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya wuce Kwalejin Jami'a ta Ibadan inda ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi, sannan ya tafi Jami'ar Cambridge a Ingila ya yi digirin digirgir. A wancan zamani, ɗan Arewa mai digirin farko ma abin nunawa ne da yatsa, balle mai na uku, kuma a lissafi.

Takardun binciken da ya wallafa a 1962 sun tunkari wata matsala mai wuya. Idan ƙasa ta motsa, girgizar kan bi ta cikin shimfiɗun duwatsu daban-daban da ke ƙarƙashinmu. Duk inda shimfiɗa biyu suka haɗu, wani kaso na girgizar ya kan dawo baya, wani kuma ya karkata ya ci gaba. Lissafin yana da sauƙi in aka ɗauka mahaɗar a miƙe take sumul. To amma cikin ƙasa ba haka yake ba, akwai tudu akwai kwari. Iya Abubakar ya zauna ya fitar da lissafin yadda girgizar ke warwatsuwa idan ta ci karo da mahaɗa mai gargada. Masu nazarin girgizar ƙasa da masu neman mai suna buƙatar irin wannan ilimi, domin da amon da ya dawo suke gane abin da ido bai gani ba.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe a 1962, yawancin malamanta baƙi. Nan ya zama farfesan lissafi yana da ƙuruciyarsa, ya kuma je koyarwa Amurka, a Michigan da New York. A 1975 ya gaji Farfesa Ishaya Audu a kujerar shugabancin jami'ar.

Kujerar ba ta zo masa da sauƙi ba. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci, zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi Ahmadu Ali ta ɓarke a faɗin ƙasa, jami'an tsaro suka harbe ɗalibai a harabar jami'ar da ke Samaru. A shekarar ya bar mulkin jami'ar. Daga nan sai siyasa: ministan tsaro a gwamnatin Shehu Shagari, daga baya na harkokin cikin gida, sannan sanata mai wakiltar Adamawa ta Arewa daga 1999 zuwa 2007.

A ganina Arewa ta yi hasara da komawarsa siyasa, ko da yake ƙasa ta amfana da hidimarsa. Mai riƙe ma'aikata ba ya wuyar samu, amma wanda zai zauna shekaru yana yaye masu digirin digirgir a lissafi, a lokacin da makarantu irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ke neman malaman lissafi ruwa a jallo, samunsa sai an tona. Jami'ar dai ba ta manta da shi ba: cibiyarta ta kwamfuta da ke Samaru sunansa take ɗauke da shi.