Haɗin Gwiwar Hukumomi a Kan Ambaliya a Kudancin Kogin Kaduna

Unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Barnawa da Kakuri da Nasarawa, sun cika da jama'a tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri. Da fili ya yi wuya, sai gidaje suka gangara har bakin ruwa. A watan Agusta na 2003 kogin ya yi ambaliya, ya ci gidaje da dukiya mai yawa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda hukumomi ke raba aikin tunkarar irin wannan masifa.

Aikin kamar sarƙa yake. Da fari, hukumar yanayi ta ƙasa, watau NiMet, takan yi hasashen ruwan damina. Sa'an nan NIHSA, mai lura da koguna, ta fitar da rahoton shekara na wuraren da ake fargabar ambaliya. Daga nan NEMA, wadda aka kafa a 1999 don agajin gaggawa, ta isar da gargaɗi ga takwararta ta jiha, ita kuma ta sanar da ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, har magana ta kai ga masu unguwanni.

Amma gargaɗi ba ya ɗauke gida daga hanyar ruwa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Saboda haka takardar fili tana hannun KADGIS, izinin gini yana hannun KASUPDA, kula da muhalli kuwa na KEPA ne. Muddin waɗannan uku ba su yi aiki da taswirar da masana koguna suka zana ba, to, wata hukuma za ta halatta ginin da wata za ta zo rabon tabarmi da hatsi a cikinsa.

A nan ne gizo ke saƙar. Haɗuwa bayan ɓarna abu ne mai sauƙi, domin kuka ya riga ya tara kowa. Mai wuyar ita ce haɗuwa da rani, lokacin da ake sa hannu a takardun gini da yashe magudanai, alhali kowace hukuma da kasafinta da shugaban da take bi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai kuma jinkar da aka ɗora bayan ruwa ya sauko ba ta hana ɗaki jiƙewa.