Aikin Ƙwararrun Masu Nema wa Ƙungiyoyi Tallafi: Abin da Ya Kamata a Sani

A garuruwanmu an saba da ƙaddamar da gidauniya. Ƙungiya za ta sa rana, a gayyato babban mai ƙaddamarwa da masu hannu da shuni, a yi alkawura a gaban jama'a. Sau da yawa kuɗin da ke shiga asusu ba ya kai abin da aka sanar, kuma daga ranar ba a sake komawa ga waɗanda suka bayar. Wannan giɓin ne ƙwararrun masu nema wa ƙungiyoyi tallafi suke cikewa.

Sana'ar ta samo asali ne a Amurka. A shekarar 1905 Charles Sumner Ward da Lyman Pierce suka shirya wa ƙungiyar YMCA ta birnin Washington gangami mai ƙayyadadden wa'adi da adadin kuɗi, inda aka nemi manyan masu bayarwa tun kafin a fito fili. A 1960 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun, wadda a yau ake kira AFP.

Bukatar wannan ilimi ta ƙaru a wajenmu tun bayan rufe hukumar USAID a 2025, abin da ya bar ƙungiyoyi da dama da suka dogara da tushe guda cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Yadda suke aiki

Da farko ƙwararren zai binciki ƙungiyar kanta: takardunta, shugabancinta da littattafan kuɗinta. Daga nan sai ya taimaka a rubuta takardar neman tallafi wadda ke bayyana matsalar, yawan mutanen da za su amfana, kasafin kuɗi, da ma'aunin da za a gane an yi nasara. Sannan a tantance waɗanda za a tunkara, walau ɗaiɗaikun mutane, kamfanoni, gidauniyoyi ko 'yan asalin gari mazauna wasu wurare. Masu bayar da tallafi kan tambayi gudummawar al'ummar da kanta, ko fili ne ko aikin gayya, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Aiki na ƙarshe, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne godiya da rahoto. Wanda aka aika wa rasit, aka kuma nuna masa rijiya ko ajin da kuɗinsa ya gina, shi ne zai sake bayarwa baɗi.

Sharuɗɗan doka

Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi rajistar amintattun ƙungiya a hukumar CAC, tare da miƙa rahoton shekara-shekara. Bankuna kuma kan nemi takardar shaidar sashen SCUML na hukumar EFCC kafin buɗe asusu. Bai dace kuɗin ƙungiya ya shiga asusun wani mutum ba, komai amincinsa.

Kafin a ɗauki ƙwararre

1. A nemi sunayen ƙungiyoyin da ya yi wa aiki, a tuntuɓe su.
2. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da aikinsa, wa'adi da ladarsa.
3. A guji biyan kamasho daga kuɗin da aka tara. Ƙa'idojin AFP sun hana haka, saboda yana sa a matsa wa masu bayarwa, kuma kuɗin marayu ko marasa lafiya ya koma aljihun dillali.
4. A yi hattara da duk wanda ya ba da tabbacin samo tallafi daga ƙasashen waje idan an biya shi kuɗin fom. Babu ƙwararren da yake da ikon yanke wannan hukunci.
5. Takardu da jerin sunayen masu bayarwa su kasance mallakin ƙungiya bayan ƙarewar kwangila.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ci gaban al'umma da su haɗa ɗaya ko biyu daga cikin membobinsu da duk ƙwararren da suka ɗauka, domin ilimin ya zauna a gida bayan tafiyarsa.