Yadda Kan Alamar Kiɗa Ke Neman Jelarsa a Cikin LilyPond

A zangon karatun da ya wuce na ɗauki nauyin rubuta kiɗan ganga da na naɗa a wani biki a Gwagwalada, ta yadda duk wanda ya iya karanta alamomin kiɗa zai iya buga shi ko da bai taɓa jin sa ba. Manhajar da na yi amfani da ita ita ce LilyPond, wadda wasu 'yan ƙasar Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara a 1996. Kyauta ce, kuma ba a zana komai da hannu; umarni ake rubuta mata, ita kuma ta fitar da shafi.

Makaɗin da na naɗa yana bugu da sanda, yana kuma taɓawa da hannu. Sai na sa jelar alama ta dubi sama in sanda ce, ta dubi ƙasa in hannu ne. Da na nuna wa abokan karatu, sai suka ce idonsu ba ya rabewa da sauri, in sa launi. Alamomin kuwa suna da yawa, bin su ɗaya-ɗaya aiki ne na mai ƙarfin hali.

A nan na fahimci yadda manhajar take kallon shafi. Duk abin da ke kan takarda, kan alama ne ko jela ko gadar da ke haɗa jeloli, abu ne mai zaman kansa da ake kira grob, kuma kowanne yana riƙe da adireshin danginsa. To, kan alama bai san inda jela ta dosa ba, amma ya san wace ce jelarsa. Da harshen Scheme, wanda ke cikin manhajar, sai a yi amfani da ly:grob-object a ce a kawo stem, wato jelar, sannan a tambaye ta direction da ly:grob-property. In ta ce 1 sama ta duba, in ta ce -1 ƙasa. Layi kaɗan na rubuta, duk bugun sanda ya koma ja, na hannu ya zauna baƙi.

Inda na sha wuya shi ne da na nemi gadar ita ma ta bi launin. Ashe ba kowace jela ke da gada ba. Wadda take ita kaɗai, in ka tambaye ta, fanko za ta miƙo maka, aikin kuma ya tsaya cak. Kwana biyu ina zargin kwamfutata, baiwar Allah ba ruwanta. Maganin shi ne a fara tantancewa da ly:grob? ko abin da aka samo grob ne kafin a taɓa shi.

Haka kuma in daga jela kake neman kai, jeri za ta ba ka, domin jela ɗaya kan ɗauki kawuna da yawa, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.