Ƙarfen Zubi ko Mara Tsatsa: Dalilan Sauya Manifol a Motocin Dizal na Amurka

A shekarar 1989 kamfanin Dodge ya fara sa injin Cummins mai lita 5.9 a cikin a-kori-kurarsa ta Ram. Ƙarfin injin a lokacin doki 160 ne kacal. Zuwa 2021 magajinsa mai lita 6.7 ya kai doki 420 tun daga masana'anta, kafin wani bakanike ya sa masa hannu. Kamfanin Ford da injinsa na Power Stroke, da General Motors da Duramax wanda ya fito a 2001, su ma sun shiga wannan tsere. Ƙarin ƙarfi a injin dizal kuwa ba ya samuwa sai da ƙarin mai da iska, su kuma zafi suke haifarwa. Abin da ke fara karɓar wannan zafi shi ne manifol, ƙarfen nan da ke ɗaure a gefen kan inji, yana tattara hayaƙin kowace silinda ya miƙa wa turbo kafin ya wuce salansa. A yau akwai kasuwa guda a Amurka da Kanada ta sayar wa masu motoci sabon manifol, kuma musun da ya ƙi ƙarewa shi ne ko a sayi na ƙarfen zubi ko na ƙarfe mara tsatsa.

Kafin a je ga musun, sai an san abin da ke kashe na asali. Kan inji yana da ruwa mai zagayawa a cikinsa, don haka zafinsa bai cika wuce digiri 100 da yawa ba a ma'aunin Salshiyas. Manifol ba shi da wannan gata. Idan mota ta ɗauko tirela tana hawan tudu, hayaƙin da ke ratsa shi yakan haura digiri 600. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake yi, amma notuna sun ɗaure wannan a jikin kan inji wanda bai miƙe kamarsa ba. Sai ya matsu, ga shi ya yi laushi saboda wuta, ya ɗan danne a cikin kansa. In ya huce, tsawonsa ba ya komawa yadda yake, sai ya ragu kaɗan. Bayan shekaru ana kunnawa ana kashewa, raguwar nan takan taru har ta fara jan notunan gefe suna karyewa, ko tsaga ta bayyana a tsakiya. Masu Cummins sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin silinda shida ne a jere, manifol ɗin dogo ne, kuma iya tsawon ƙarfe iya motsinsa. Alamun sananne ne: wata ƙara kamar ƙyasta da sassafe, baƙin toka a gefen gaskit, turbo ya rage hura iska, mota ta yi nauyin tashi, wani lokaci har warin hayaƙi ya shigo wa direba.

Wannan zai faru ko ba a taɓa inji ba, in mota ta tsufa. Abin da ya hanzarta shi shi ne ɗabi'ar masu motocin. Tun da injuna suka koma hannun kwamfuta, ƙara wa mota ƙarfi ya zama abu mai sauƙi: a jona wata ƴar na'ura, a sauya lissafin man da nozul ke fesawa. Kanikawan can sun daɗe suna gargaɗin kada zafin hayaƙi ya daɗe sama da digiri 1,250 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 675 a Salshiyas, amma wanda ya ɗanɗana sabon ƙarfi da wuya ya riƙa duban allurar agogon zafi. Sai kuma gishirin da jihohin arewa na Amurka ke barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara, wanda ke cin notuna da duk wani ƙarfe mai tsatsa. Daga nan ne mara tsatsa ya samo farin jininsa, da kuma ƙyallinsa, domin ba za a ɓoye ba, da yawa suna saye ne don a buɗe bonet a gani.

Sai dai sunayen biyu suna ɓoye abubuwa da yawa. Ƙarfen zubi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na da, mai saurin fashewa, akwai kuma mai danƙo wanda aka gano a shekarun 1940 ta hanyar zuba ɗan maganiziyam a narkakken ƙarfe. Wanda kamfanoni irin su BD Diesel ke tallatawa shi ne mai danƙon da aka ƙara wa silikon da molibdinam. A irin wannan haɗi silikon yakan kai kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, molibdinam kuma kusan kashi 1. Yana jure zafi har wajen digiri 750 ba tare da ya kumbura ko ya yi ɓawo ba. Haka shi ma mara tsatsa. Lamba 304, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Lamba 321 an ƙara masa titaniyam. Lamba 409 kuwa kuromiyam ɗinsa kusan kashi 11 ne, kuma yana yin jajayen tabo, ko da yake ba ya ruɓewa da wuri. Ga kuma bambancin ƙira: wani zuba shi ake yi a mazubi mai kauri, wani kuwa bututu ne sirara aka lanƙwasa aka haɗa da walda. Mutum biyu za su ce sun sayi mara tsatsa alhali kayan da ke hannunsu ba su haɗa komai ba sai suna.

A nan lissafi ke juya wa masu talla baya. Ƙarfe 304 ya fi ƙarfen zubi miƙewa da kusan rabi. A ɗauki manifol mai tsawon santimita 70, a ƙara masa zafi digiri 600: na zubi zai miƙe kimanin milimita 5, na 304 kuwa sama da 7. Tunda miƙewa da takurewa ne suka kashe na asali, wanda ya maye gurbinsa da 304 guntu ɗaya ya ƙara wa notunansa aiki ne. Kuma 304 yana da wani rauni: in ya daɗe tsakanin digiri 425 da 860, kabon ɗin cikinsa yakan haɗe da kuromiyam, musamman kusa da walda, wurin ya rasa kariyarsa. Wannan kuwa shi ne zafin da manifol ke rayuwa a ciki, kuma dalilin ƙirƙiro 321 ke nan. Ga nauyin turbo da ke rataye a kansa, wasu ma turbo biyu suke ɗorawa, ga girgizar dizal. Siririn bututu a irin wannan hali bakin walda yake fara tsagewa.

Ba wai mara tsatsa ba shi da ranarsa ba. A zafin da ƙarfen zubi ya fara sarewa, shi yana nan da ƙarfinsa. Ba ya saurin watsa zafi, don haka hayaƙi yakan isa turbo da ƙarfinsa, kuma gishiri bai cika damunsa ba. Masu gasar jan kaya da tseren gudu, waɗanda injunansu ke wuce kowace iyaka na ƴan daƙiƙoƙi, suna da hujjar sayen mara tsatsa na mazubi mai kauri irin wanda Stainless Diesel ke yi. Farashinsa ne ke da zafi, domin sarrafa shi da wuya kuma farashin nikel ba ya zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2022 tan ɗaya na nikel ya haura dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikinsa.

Babban sauyin da wannan kasuwa ta kawo a ƙira yake. Masu ƙera manifol na Cummins sun raba shi gida biyu ko uku, kowane guntu yana zamewa a cikin ɗan'uwansa, ta yadda zai miƙe ya dawo ba tare da ya ja noti ba. A tsohon Power Stroke mai lita 7.3, bututun da ke kai hayaƙi turbo ne ke yoyo, aka magance shi da gaɓa mai lanƙwasa. A Duramax kuwa, manifol na ɓangaren direba an matse shi don sandar sitiyari ta samu wucewa, sai masu gyara suka buɗe hanyar. Duk waɗannan an same su ne da dabarar ƙira. Maganar ƙarin doki kuwa, injin da ba a taɓa ba ɗan kaɗan yake samu daga sabon manifol. Wanda ya ce motarsa ta farfaɗo, sau da yawa yoyon da ta daɗe tana yi ne aka toshe.

Akwai illar da ta fi tsagewar ƙarfe. Wasu manifol ɗin ba su da ƙofar da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji don rage guba, kuma sa su yana tafiya ne tare da cire na'urorin tace hayaƙi da dokokin 2007 da 2010 suka kawo. A 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa an cire waɗannan na'urori a motocin dizal sama da 550,000 cikin kusan shekara goma. Doka ta hana hakan a motar da ke hawa titi, kuma a Kalifoniya kayan da ke sauya tsarin hayaƙi sai da lambar amincewar hukuma.

Mu a nan Najeriya ba gishirin titi ke damunmu ba. Manyan motocin da ke tasowa daga Apapa zuwa Kano lodi fiye da ƙima da dogon hawa ke dafa su, kuma in manifol ya tsage wurin mai walda ake kai shi. Ƙarfen zubi yana karɓar walda in an gasa shi tukuna, an yi amfani da sandar nikel, an bar shi ya huce a hankali, amma in nozul na zubar da mai ko matatar iska ta toshe, tsagar za ta dawo. Sauya ƙarfe ba tare da rage zafin ba, barin jaki ne a doki taiki. Motar da ke neman abinci, tana jan kaya kullum, ƙarfen zubi mai silikon da molibdinam wanda aka raba gida-gida ya ishe ta, a haɗa da sababbin notuna da agogon auna zafin hayaƙi. Mara tsatsa a bar wa masu gasa da mazauna ƙasar ƙanƙara, su ma su nemi mai kauri.